Shekarar da Na Ɓatar da 'Ya'yan Fari

Ku 'yan yanzu, idan aka ce muku aikin Ustaz Isiyaku shi ne nemo wa ɗalibai bayanan da za su koyi aiki a kansu, sai ku yi murmushi. Ina ganinku. Kuna cewa a ranku, wannan ma aiki ne? A buɗe intanet, a rubuta kalma biyu, a danna, shi ke nan. To ku gyara zama. Sama da shekara ashirin na yi ina wannan "shi ke nan" ɗin a wani ƙaramin ma'ahadi da ke koyar da kwamfuta da ƙididdiga a Wad Madani, kuma a cikin shekarun nan akwai guda ɗaya da aikin hannuna ya kusa hana ƙauyenmu makarantar sakandare. Zan zo kanta, amma sai kun fara sanin yadda aikin yake.

Mai koyon sarrafa bayanai kamar mai koyon ɗinki ne, ba ya koyo sai da yadi a gabansa. Malamai su ke koyar da yanka da ɗinki, ni kuwa ni ne mai nemo yadin. Jadawali nake nema, layi bisa layi na lambobi: ruwan saman shekaru, awon yara, farashin dawa wata bayan wata. Ya zama yana da yawa yadda ɗalibi zai yi gumi, yana da ɗan datti yadda zai koyi tsaftacewa, sannan, uwa uba, mai shi ya yarda a ɗauka a raba.

Aikina na farko, a shekarun casa'in, maigidana Ustaz Babikir ne ya ba ni. Dattijo ne Balarabe siriri, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana rubuta awon ruwa a madatsar ruwa ta Makwar kafin ya koma koyarwa. Ya ajiye min wani tarin takardu a kan tebur, awon ruwan tur'a ne, wato babbar hanyar ruwan gonaki, na shekaru da yawa, ya ce in shigar a kwamfuta. Mako uku na yi ina bugawa da yatsa biyu, wuta na ɗaukewa ina sakewa. Ranar da na gama na kai masa faifan ina jin kaina a sama. Ya karɓa, ya juya shi, ya tambaye ni da Larabci, "Wa ya ba ka takardun?"

Na ce, "Kai, ya Ustaz."

"Ni wa ya ba ni?"

Na ce ban sani ba. Ya buɗe aljihun tebur ya jefa faifan ya kulle. Washegari na hau mota zuwa Makwar neman wanda zai sa hannu ya ce an yarda ɗalibai su yi karatu da su. Sau uku na je. A na uku aka ba ni takarda mai hatimi, an yarda da wani sashe, an hana wani. Da na dawo sai ga shi ashe tsohon yana da irin takardar tun tuni a cikin jakarsa. So yake ƙafata ta koyi abin da kunnena zai manta. Ranar ya ba ni tambayoyi uku, ya ce duk jadawalin da ya zo hannuna in yi masa su kafin in yarda ya zauna: wa ya tara shi, yaya aka yi tambayar, wa ya yarda a raba.

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa. Faifai masu laushi, waɗanda zafin Madani ke kashewa kamar kaji, don haka a leda nake naɗe su in sa a gwangwanin madara in ajiye kusa da randa. Ƙamus na Turanci da Larabci wanda bangonsa ya rabu da shi. Sai wani jan littafi da nake rubuta asalin kowane jadawali da irin izinin da ke kansa. Littafin nan yana nan har yau, kuma na fi yarda da shi a kan wayoyinku duka.

Da intanet ta zo, shago guda ne kusa da kasuwa yake da layin da za a iya jurewa. Ina idar da sallar asuba nake zuwa in tsaya a ƙofa kafin masu hira da 'yan'uwa a Saudiyya su cika wurin. A can na koyi abin da har gobe ba ku yi: gangarawa ƙasan shafi. Kowa idonsa na kan maɓallin saukewa a sama, izini kuwa yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Wani ya ce ɗauki, ka dai ambaci sunana. Wani ya ce ɗauki amma kada ka sayar. Wani ya ce kalla a nan, kada ka fita da shi. Wani kuma bai ce komai ba, kuma shi ne ya fi cin yara, don sai su ce ai bai hana ba. Hausawa na cewa shiru ma magana ce. To a sana'armu maganar da shiru yake yi ita ce a'a, sai ka rubuta wa mai abu ya amsa.

Masu zuwa wurina kala-kala ne. Akwai malamin da zai zo da la'asar yana son jadawali mai layi dubu kafin darasin safe, kamar a kasuwa nake sayarwa. Akwai ɗalibin da ya riga ya rubuta sakamakon bincikensa, yana neman lambobin da za su yarda da shi. Wani ya taɓa kawo min jerin marasa lafiya na wani asibiti, da sunayensu da unguwanninsu, wai ɗan'uwansa ne ya kwafo masa. Jadawali ne mai kyau, wallahi, irin wanda nake mafarki. Na goge shi a gabansa. Ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, ban kuwa rame ba.

Matsala guda ce ta dame ni shekara da shekaru. Duk bayanan da izininsu yake a buɗe na wasu ƙasashe ne. Tsawon ganyen furen da babu wanda ya taɓa gani, farashin gidaje a birnin da ba mu iya faɗar sunansa. Ɗalibai na yi suna hamma. Wata rana wata ɗaliba, Zahra'u, ta ɗaga hannu. Iyayenta Hausawan Damazin ne, amma a Madani aka haife ta, Hausarta ta gaisuwa ce da ciniki, rabi Larabci. Ta ce, "Ya Ustaz, yani mu ba mu da lamba ne? Kullum furen mutane bas?"

Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa maganar ta zauna min. Na ce to, tun da babu, mu za mu tara namu, mu sa masa izini a buɗe, kowa ya ɗauka.

Ƙauyenmu na zaɓa, ƙauyen Hausawa ne a bakin tur'a, tafiyar ɗan lokaci daga Makwar. Tambaya ta uku, wato wa ya yarda a raba, na fara da ita, kuma na yi ta yadda ko Ustaz Babikir ba zai sami abin gyara ba. Bayan sallar Juma'a na zauna da dattawa a ƙarƙashin rumfa, Kawu Bello yana shugabanta, shi ne shugaban kwamitin gari kuma ƙanen mahaifina. Na bayyana musu cewa za a rubuta mutanen kowane gida da shekarunsu da karatunsu, ba suna, kuma duk duniya mai so zai iya gani.

Kawu Bello ya ce, "Mun yarda, amma da sharaɗi. Kar a tambayi kowa buhu nawa yas samu ga hawasha tai. Wanga tsakaninai da Allah na."

Hawasha ita ce gonar da manomi yake riƙe a tsarin noman rani, kuma kowa ya san ba a faɗar amfanin gona saboda baki. Na ce na ji. Har na yaba wa kaina, wai ni ne mai sanin al'ada.

Takardar tambayoyin kuwa da Larabci na rubuta ta, na kwaikwayi wata da na gani a littafi. A ciki akwai layin da ake tambayar uwa: 'ya'yanki nawa, shekarun kowanne nawa? 'Yan matan ajin ne suka shiga gidaje, Zahra'u a gaba tana fassara. Ni ina waje da maza muna shan jabana, gahawar nan tamu mai citta, ina karɓar takardu ina jerawa. Kwana biyar muka gama. Jadawalin ya fito tas, babu gurbin da aka bari. Na rubuta a samansa cewa kowa na iya ɗauka, ya yi aiki da shi, ya raba, ya dai ambaci inda ya samo. Muka sa a shafin ma'ahadi, muka buga a faifai muka rarraba wa malaman wasu makarantu. Hamma ta ƙare a ajina. Shekara biyu ina tafiya kamar ni na haƙa Nilu.

Sai ga shekarar da na ce muku. Ana gab da damina, da hantsi, Kawu Bello ya sauko daga mota ya shigo ofishina bai ko karkaɗe rigarsa ba. Makarantar ƙauyenmu a aji takwas take tsayawa. Mai son sakandare sai ya tafi wani gari mai nisa, kuma da ruwa ya sauka hanyar ta zama taɓo, yawancinsu daga nan karatu ya ƙare. Shekaru garin yana roƙon sakandare. A shekarar wata ƙungiya ta zo za ta gina ajujuwa a ƙauye guda cikin ƙauyukan yankin, wanda ya fi yawan yara masu shekarun shiga. Ma'aikacinsu ya nemi bayanai, ya sami nawa, izini a buɗe, ya ɗauka kamar yadda na ce a ɗauka.

Kawu ya ce, "Sun ce ba mu da samari da 'yan mata da za su cika aji. Nic ce musu wa yaf faɗi? Sunka ce ɗanku. Takardar ɗanku."

Na ce, "Kawu, lamba ba ta ƙarya. Abin da mata sunka faɗi shi munka rubuta."

"To taho ka tsaya bakin tur'a da marece ka ƙilga da idonka. In ba mu da ɗiya, waɗanga da ka cika muna gari da ƙwallo aljannu na?"

Ya tafi ko ruwa bai sha ba. Raina ya ɓaci, amma ruwa ba ya tsami banza, sai na buɗe jadawalin na zana shekarun yaran. Ƙanana tuli, daga shekara goma sha uku zuwa sama kuwa zanen ya tsuke. Abin kunyar, na san da wannan tsukewar. Har darasi na yi a kanta sau da yawa, ina nuna wa ɗalibai da sanda ina cewa ga shaidar matasa suna barin ƙauye zuwa birni. Suna rubutawa, ina ba su maki.

Na shiga bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Babu suna, amma akwai gidan da ba zai ɓace min ba, don a ciki akwai 'ya'ya biyu masu shekaru ɗaya, tagwayen ƙannena ke nan, ga kuma shekarun uwar sun yi daidai da na Inna. Na duba gurbin yawan 'ya'ya. Biyar. Mu shida ne. Na duba babba a cikinsu, shekarun ƙanwata ne mai bi na. Ni ba na ciki.

Ni ɗan fari ne. Tun da nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido tana magana ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Haka ake yi a garinmu, kunyar ɗan fari ce, kuma na san ta kamar yunwar cikina. Wace mace ce a ƙauyenmu za ta zauna gaban baƙuwar yarinya ta buɗe baki ta lissafa ɗanta na fari? Wasu sun daure sun faɗa, amma da yawa daga na biyu suka fara. Kakannin da ke riƙon yaran kuwa an tambaye su 'ya'yan da suka haifa ne, ba wanda ya ce musu wa ke kwana a ɗakinku. Yaro ya faɗi tsakanin gida biyu. Kuma a gidan da uwa ba ta tsufa ba, wane ne mai shekarun sakandare in ba na farin ba?

Na kira Zahra'u, a lokacin ta gama karatu tana taimaka mana da koyarwa. Na tambaye ta ko ta lura da wani abu a gidajen. Ta ce, "Suna sunkuyar da kai kafin su amsa, ya Ustaz. Ni na zaci hisabi suke yi."

Ba laifinta ba ne, ba a raine ta a cikin abin ba. Ba laifin matan ba ne, ba su yi ƙarya ba, kunya suka yi. Ba kuma laifin ƙungiyar ba ne. Ni ne na tsaya a kan wa ya yarda, na manta da yaya aka yi tambayar, saboda a zatona tambayoyin Ustaz Babikir na jadawalin wasu ne, ba nawa ba.

Da ruwa da taɓo muka koma. Wannan karon na ajiye takardar littafi na nemi shawarar tsofaffin mata, su suka tsara min aikin. Ba a tambayar mace 'ya'yanta. Mata biyu maƙwabta ake zaunarwa, wannan ta lissafa na waccan, waccan ta lissafa na wannan, in an zo kan na fari uwar ta kau da kai, maƙwabciya ta faɗa. Kowace tsohuwa kuma a tambaye ta wa da wa ke cin tuwonta. Mako biyu muka yi. Yara suka riƙa fitowa a takarda kamar an buɗe musu ƙofa.

Gidanmu ni na shiga da kaina, don taurin kai. Na tarar da Inna a tsakar gida tana soya gahawa, Goggo Hajara maƙwabciyarta tana gefe tana tsince wake. Na gaishe su, na zauna nesa kaɗan kamar yadda na saba, takarda a cinya. Maimakon in tambayi Goggo yadda aka tsara, sai na ce, "Inna, ɗiyanki nawa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Biyar."

"Inna, saboda biyar ɗin nan anka hana gari makaranta."

Goggo Hajara ta ce, "Kai, ba ka da ta ido? Ni za ka tambaya, ba ita ba."

Inna ta ci gaba da juya gahawa har ta fara hayaƙi. Can ta juya wajen Goggo, ba wajena ba, ta ce a hankali, "Ce ma mai takarda shi ƙara guda. Amma kar shi karanta gabana."

Na rubuta shida. Ba zan ɓoye muku ba, a shekara arba'in da 'yan kai wannan ne karo na farko da na ji ta sa ni a lissafi.

Na kai sabon jadawali ofishin ƙungiyar da ƙafata, na ce na farkon kuskurena ne, ga dalili. Sun saurare ni da mutunci, amma ginin wannan shekarar an riga an ba wani ƙauye. Namu sai bayan shekara biyu ya zo. Makarantar tana nan yanzu, aji cike, har ana raba benci. Amma waɗanda suka gama aji takwas a shekaru biyun nan yawancinsu ba su koma ba. Wasu suna gona, wasu sun shigo birni. Ɗaya daga cikinsu raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, yake ja a nan Madani, kuma duk ranar da ya gan ni a bakin hanya sai ya tsaya ya ɗauke ni, yana ce min Ustaz, yana tambayar lafiyar gida. Da zagina yake yi da ya fi min sauƙi.

Tun daga nan babu jadawalin da ya fita daga hannuna ba tare da shafi guda a gabansa ba, mai bayanin wa ya yi tambaya, da wane harshe, wa aka tambaya, wa ke zaune a wurin. Idan na samo na wasu kuma babu irin wannan shafin, komai kyan izininsa, ina gaya wa ɗalibai su taka shi a hankali. Na sauke tsohon daga shafinmu, na rubuta wa duk malamin da na tuna na ba faifai. Sai dai abin da ka ce wa duniya ta ɗauka zarar bunu ne, ba ya komawa. Wannan shi ne kyan buɗaɗɗen izini, shi ne kuma nauyinsa, kuma har gobe ina tare da shi. Da a ce a kulle jadawalin yake a aljihun wani ofishi, da Kawu Bello bai san takardar wa zai zo ya yi wa faɗa ba.

Shekarar da zan ajiye aiki, wani ɗalibi ya shigo ofishina da murna, irin murmushin nan naku a fuskarsa. Ya ce ya samo bayanai a wani shafi cikin minti biyar, na ƙauyen Hausawa, tsaf, izini a buɗe, babu gurbi ko ɗaya da aka bari. Na ce ya buɗe mu gani. Na karɓi linzamin na gangara har layin da ke da tagwaye, na sa yatsa a kan gilashin.

Na ce, "Karanta min nan."

Ya ce, "Biyar, ya Ustaz."

Na ce, "To jawo kujera ka zauna. Mutumin da ya tara wannan, a cikin jadawalin nan har yau ba a haife shi ba."